Surukaina Sun Shanya Motata a Rana Don Ta Cika

Assalamu alaikum Gwaggo Farida,

Don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai sa sunana ya fito a wani shafin jaridar nan da ba naki ba. Na san yawancin masu rubuto miki mata ne, sai 'yan mazan da aka yaudara ta waya. Ni ba wanda ya yaudare ni. Gaskiya na faɗa a bakin titi, shi ne aurena yake neman ɓarewa, kuma duk wanda na kai wa ƙara sai ya fashe da dariya tun ban kai rabin labarin ba. Ke ma na san za ki yi, amma tunda ba na ganinki, da sauƙi.

Ni ɗan Sauka Kahuta ne a nan Minna, sana'ata haɗa wa mutane sola. Ban gama sakandare ba kuma ba na ɓoyewa, amma makaranta na bari, ban bar karatu ba. Duk takardar da ta zo cikin kwalin kaya sai na karance ta tas, har ƙananan rubutun nan da shi kansa wanda ya rubuta bai koma ya duba ba. Turancina a jikin kwali da waya na tsince shi, kuma ya ishe ni in gane lokacin da mai digiri yake shirme.

Bara na rabu da tsohuwar motata mai shan mai kamar an aiko ta, na sayi ƙaramar motar lantarki, ta hannu, 'yar China. Ba salansa, ba hayaƙi, ba ƙara. 'Yan unguwa suna ce mata Bebiya, 'yan baƙin ciki kuma su ce tocilan mai taya. Na jera farantan sola a rufin shagona, rana ta doke su, su tara wuta a manyan batura, in na tashi aiki in jona motar ta sha ta ƙoshi. Ba ruwana da nefa, wadda a jihar nan mai madatsun ruwa rututu sai dai ta leƙo ta gaishe mu ta koma. Ba ruwana da gidan mai. In na zo wucewa ta layin mai nakan rage gudu, in sauke gilas, in yi wa bayin Allah sannu da aiki. In an tambaye ni me take sha, in ce rana take sha, kyauta, daga Ubangiji.

Yarinyar da nake nema sunanta Aishat, a Tudun Fulani suke. Mahaifinta, Alhaji Kudu, Banufe ne ɗan asalin Bida, dillalin shinkafa, mutum mai sanyin magana irin wanda in ya ce maka “to” sai ka yini kana tunanin wace iri ce. Manyana sun je, an karɓi gaisuwa, saura sa rana, wadda aka ce ƙarshen watan nan. Kuma wallahi Alhaji ya fi ni son motar. Ni ke kai shi awon hawan jini, yana cewa ita kaɗai ce motar da mutum zai ja carbi a ciki ya ji abin da yake faɗa. Wata rana da aka yi kwanaki ba wuta na jona masa fanka da talabijin a jikinta, don tana da wurin jona kaya. Tun daga ranar na tashi daga “yaron nan” na koma “injiniya”.

Yanzu bari in yi miki bayanin da dattawa suka ƙi saurara. A gaban direba akwai lamba mai nuna kilomita nawa suka rage kafin batir ya ƙare. Lambar nan 'yar siyasa ce. Da damina, in gari ya yi luf, duk alkawarin da ta ɗauka takan cika, har da gyara. Amma a bazarar Minna, wannan da kwalta ke riƙe wa mutum silifas, ƙadangare ke tafiya a kan farce, kana kunna esi, wato na'urar sanyaya mota, za ka ga lambar ta zabge kamar an yi mata sata. Shi kansa batirin kamar mutum yake, in zafi ya ishe shi sai motar ta ɗebi wuta ta yi masa fifita. Wato wutar da za ta kai ka gida ita ake kashewa wajen sanyaya ka da sanyaya shi. Wannan duk na sani, na karanta, na gwada. Ba a makance na shiga hanya ba.

Makon jiya Alhaji ya ce in kai shi Wushishi ɗaurin auren ɗan amininsa. Na cika batir taf, na yi lissafina: zuwa da dawowa, da esi da komai, za a bar saura mai kauri. Mu biyu aka ce. Ina isa ƙofar gidan Alhaji na tarar da ƙanensa, Baba Jiya, wanda ya taɓa tuƙa tirela tun kafin a haife ni, kuma tun daga lokacin ba a ƙera motar da bai sani ba. Ga abokan Alhaji biyu masu jiki, kowannensu da babbar rigar da ita ma sai an ba ta wurin zama. Ga buhun shinkafa na gudummawa. Suruki dai ba ya ƙirga fasinja. Na buɗe ƙofa na ce bismillah.

Mun wuce Beji kaɗan wata jif ta shige mu da iska, Baba Jiya ya yi ajiyar zuciya ya ce ai ga mota can. Ni kuwa ba a yi min haka. Na taka Bebiya, na wuce jif ɗin kamar an kafa ta, duk inda hanya ta yi kyau ban ɗaga ƙafa ba har Zungeru. Babu wanda ya ƙara ko tari a baya.

In Minna murhu ce, to Wushishi cikin kaskon ne. Na samu wata bishiyar mangwaro mai duhun inuwa na ajiye motar, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Bayan an shafa fatiha Alhaji ya ce kansa na sarawa, yana so ya ɗan kishingiɗa a cikin sanyi. Na kunna masa esi, na miƙa masa makulli da hannu biyu. Kafin in juya, masu gida sun ji an zo da injiniya, aka ja ni ciki wai inbatar solarsu tana kuka. Na duƙufa a kanta, na gyara, ba ko sisi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci, na yi azahar. Na daɗe, ban musa ba.

Ina fitowa na duba gindin mangwaro, ba mota. Can na hango ta a tsakiyar fili, inda mutanen garin ke shanya barkono, rana na dukanta tun daga sama har taya. Baba Jiya ne ya matsar da ita. Kuma da alfahari ya tare ni yana bayani, wai tunda rana take sha, wane irin sakarai ne zai kai ta inuwa ya bar ta da yunwa, ga hanya a gabanmu? Ya ce yaran zamani sun iya saye amma ba su iya kiwo ba. Har rufinta ya goge da hankicinsa don kada ƙura ta hana ta sha sosai.

A ciki kuwa, Gwaggo, dattawan Wushishi ne suke shiga bi da bi kamar layin alwala. Wannan ya fito yana hamdala, wancan ya shiga yana bismillah, ƙofa ba ta minti biyar a rufe. Wani ma da kwanon abincinsa ya shiga. Daga bayan motar ga waya an ja har sashen mata, an jona firizar zoɓo da kunun aya. A ƙasa ga wayoyin jama'a an zube a kan abin caji kamar 'yan tsaki sun kewaye uwarsu.

Ki duba min wannan da idon basira. Da motar fetur ce, babu dattijon da zai zauna a cikinta awa uku tana kunne, domin ƙarar injin kaɗai za ta riƙa gaya masa cewa man wani yake ƙonawa, kunya ta fito da shi. Amma ita baiwar Allah ba ta magana. A ƙasar nan kuwa abin da ba ya kuka ba a jin tausayinsa.

To me zan ce? Alhaji na kujerar gaba, ya kwantar da ita, hula a kan fuska, yana minshari irin na wanda bai ci haƙƙin kowa ba. Ni mai neman aure, in je in ƙwanƙwasa gilas in ce Baba fito? Na zagaya motar ina tari. Na leƙa lambar ta gilas, na ga ta zabge. Na tsuguna gaban Baba Jiya, kaina a ƙasa, na ce ko za a ɗan mayar da ita inuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, ya riga ya gyara min kuskurena, ba sai na gode ba. Na tura wa Aishat saƙo cewa ana yanka ni a Wushishi. Ta turo min fuskar dariya, ta ce in bar Baba ya huta, ai ni na ce kyauta ce.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Lambar ta nuna min ƙiri-ƙiri cewa ba za mu ga Minna ba, sai dai in wani ikon Allah. Na riƙa tafiya a hankali. Na kai hannu zan kashe esi, Alhaji ya buɗe ido ɗaya, sai hannuna ya zarce kan rediyo. Sau biyu ana haka.

Muna dab da Beji kunkuru ya fito. Ba habaici nake ba, hoton kunkuru ne na gaske, ruwan ɗorawa, masu ƙera motar suka sa shi ya riƙa bayyana in ta kusa mutuwa, don su ma ba su da tausayi. Ta koma rarrafe. Mai keke ya wuce mu. Wata Bagwariya da itace a kafaɗa ta wuce mu, har ta leƙo ta ce sannunku. A bakin kasuwar Beji ta tsaya cak, ba ko shure-shure.

Kin san mutanenmu da abin kallo. Nan da nan aka cika. Baba Jiya ya naɗe hannun riga ya ce a tura ta, in sa giya ta biyu in saki kuloci za ta tashi. Motar da ba ta da kuloci, ba ta da giya ta biyu. Wani ya ce a zuba mata ruwa. Wani ya kawo igiya a ɗaura ta a bayan tifa, abin da littafinta ya hana da manyan baƙi. Baba Jiya ya ɗaga bonet wai ragowar rana ta shiga. Duk ina haɗiyewa. Sai Alhaji ya fito, ya gyara riga, a gaban masu doya da 'yan acaɓa da yara, cikin sanyin muryar nan tasa, ya ce shi fa abin ya ɗaure masa kai: motar da ta yini a rana kamar garin rogo amma ta ce yunwa take ji, to ko dai motar ce maƙaryaciya, ko mai ita. Kasuwa ta ɗauki dariya.

Nan ne na ce: “Baba, mota ba ta yi ƙarya ba. Ku kuka yini a ciki kuka shanye ta, ku da zoɓonku. Wanda bai san abu ba ya tambaya, furfura ba karatu ba ce.”

Ki nuna min kalma ɗaya da ba gaskiya ba a ciki.

Alhaji ya dube ni, ya ce “to”, ya tsallaka titi, ya shiga wata tsohuwar bas mai zuwa Minna wadda aka ɗaure ƙofarta da igiya. Abokansa suka bi shi. Baba Jiya ya rufe bonet a hankali kamar mai rufe gawa, ya ce Allah ya shirya, shi ma ya tafi.

Wani bawan Allah mai suna Irimiya, manomi ne amma yana da gidan kallon ƙwallo a bakin kasuwar, shi ya taya ni tura ta har jikin janaretansa. Na sayi fetur a jarka wurin 'yan bumburutu. Ni. Sai da na kafa ƙarfe a ƙasa na yi wa janaretan dabara kafin motar ta yarda ta karɓi wutarsa, don ita ma tana da girman kai. Na zauna kusan awa biyu ina shaƙar hayaƙi. Irimiya bai dame ni da surutu ba, tambaya ɗaya ya yi min, wai ko ita ce wadda ake labarin ba ta shan mai. Na ce ita ce. Ya ce Allah mai iko, ya ƙara wa janaretan mai.

Washegari Alhaji ya aika wa kawuna cewa maganar sa rana a dakata tukuna. Bai faɗi dalili ba, bai faɗi har yaushe ba. Baba Jiya kuma yana bin majalisa yana cewa sai na sayar da tocilan na sayi motar mutane kafin a saurare ni. Aishat ta ɗauki wayata sau ɗaya, ta ce ubanta bai taɓa shiga bas ɗin haya da babbar rigar ɗaurin aure ba sai a dalilina, ta kashe. Kawuna ya ce in shirya mu je in ba da haƙuri. Na ce haƙurin me? Ni aka shanye wa batir, ni aka kira maƙaryaci a kasuwa, ni na sha hayaƙi, kuma ni zan tsuguna?

Gwaggo, ina son yarinyar nan. Ba zan yi miki waƙa ba, amma tun ranar ko takardar kwali ba na iya karantawa, sai in kai ƙarshen layi ban san me na karanta ba. Abin da nake roƙo shi ne ki rubuta a shafinki, da Hausa mai kyau, cewa motar lantarki ba ta shan rana ta rufi, kuma zafi da esi suna cin batir, kuma ni ke da gaskiya. Alhaji yana girmama abin da aka buga a jarida. Sai in saya in kai masa. Sannan ki gaya min, in sayar da motar ko in riƙe? Kuma ya halatta mutum ya nemi gafara a kan gaskiya?

Naki cikin ɓacin rai,
Mai Bebiya, Sauka Kahuta

*

Wa alaikumus salam Mai Bebiya,

Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, musamman wurin hankicin Baba Jiya. Da na gama na sake karantawa, sai na ga abin da ke gabanka ba na dariya ba ne, don haka mu tafi kai tsaye.

Ni ba masaniyar mota ba ce, saboda haka na kira 'yar ƙawata Mercy, injiniya ce da ke aiki da irin motocin nan, na karanta mata wasiƙarka. Ga rabonka na gaskiya: irin motarka ba ta shan rana ta rufi. Ajiye ta a tsakiyar fili bai ƙara mata komai ba, wahala ya ƙara wa esi da batir. Kuma zafi mai tsanani yana rage nisan da za ta je, lambar da kake gani ƙiyasi ce ba rantsuwa ba. Zaman da dattawa suka yi a ciki ana buɗe ƙofa ana rufewa ya ci wuta sosai. To ga shi na buga.

Amma kada ka yi saurin sayen jaridar, domin Mercy ba ta tsaya nan ba. Ta ce a kan doguwar hanya babu abin da ke cin batir kamar gudu, ya fi esi ci, balle da manya biyar da buhu. Tseren da ka yi da jif daga Beji zuwa Zungeru, wanda ka ba ni labarinsa kana washe baki, ta yiwu shi kaɗai ya cinye abin da zai kai ka Tudun Fulani. Firiza da wayoyi kuwa ɗan abin da suka ja bai taka kara ya karya ba. Zoɓon da ka zaga a bainar jama'a shi ne mai ƙaramin laifi a duk tafiyar.

Sannan wa ya koya wa Baba Jiya cewa rana take sha? Bai karanta a kwali ba, a bakinka ya ji, shi da duk wanda ka yi wa sannu a layin mai. Ka faɗi rabin magana don ta fi daɗi, ka bar farantai da batura da waya a shago, dattijo ya ɗauki rabin ya yi aiki da shi da zuciya ɗaya. Mutumin nan taimakonka ya yi niyya. Ya tsaya cikin ranar Wushishi yana goge maka mota. Wanda ya yarda da maganarka har haka bai cancanci ka jefe shi da jahilci ba.

Su ma suna da nasu. Ba a matsar da motar mutum ba da saninsa ba, ba a mayar da ita zauren gari, kuma maganar da Alhaji ya yi a kasuwa ta yi nauyi, ko da cikin raha ya yi ta. Na san ta yi maka ciwo, kai da ka gina kanka da kanka kuma ba ka da abin da kake taƙama da shi kamar a ce ka san aikinka. Amma dubi yadda ka raba yininka. Lokacin da magana za ta yi amfani, ka yi tari, ka zagaya mota, ka murɗa rediyo. Lokacin da ba za ta ƙara ko kilomita ɗaya ba, ka saki baki gaba ɗaya. Kunyar da ta hana ka cewa “Baba, in ba mu kashe esi ba za mu kwana a hanya” ita ce ta bar shi ya hau bas da babbar riga. Da ka faɗa masa a Wushishi, a keɓe, da ladabi, dillalin shinkafa ya san abin da ake nufi da awo ya kusa ƙarewa. Ka yi tunani a kan wannan hali, domin a gidan aure ma haka zai bi ka: ka haɗiye, ka haɗiye, sannan ka fashe a kan abin da bai kai ba.

Kada ka sayar da motar. Wannan sharaɗin Baba Jiya ne a majalisa, ba saƙon Alhaji ba ne, kuma ciwon zuciya ne ke magana. Ka gyara yadda kake tafiya da ita dai. Da bazara ka ɗauka kashi ɗaya cikin uku na lambar nan ba naka ba ne. Ka sanyaya ta tun tana jone kafin ka tashi, ka ajiye ta a inuwa, makulli ya zauna a aljihunka, ka bar masu jif su wuce da Allah ya kiyaye. In tafiya mai nisa ce ka faɗa wa fasinjanka ƙa'idarta tun a ƙofar gida, ko su waye, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma daga yau in an tambaye ka me take sha, ka ba da amsar har ƙarshenta.

Kana tambaya ko ana neman gafara a kan gaskiya. Ba a kan batir za ka nemi gafara ba. A kan “furfura ba karatu ba ce” za ka nema, wadda ka faɗa wa uban matar da kake so a gaban masu doya. Wannan ba ilimin lantarki ba ne, zagi ne, ko da ka yi masa ado. Jarida kuwa ka bar ta a shago. In ka shiga gidan da ita a hannu, ka je cin nasara ne, kuma za ka ci, ka fito ba mata.

Ka lura, Alhaji cewa ya yi a dakata. Wanda ya gama da kai kayan gaisuwarka yake mayarwa. Ƙofa a buɗe take, amma irin wannan ƙofar ba ta son a bar ta tana jira, don haka kada makon nan ya fita ba ku je ba. Ka bi kawunka. Ku fara ta wurin Baba Jiya, ka gode masa a kan niyyarsa, don shi ne zai hura wutar ko ya kashe ta. Ita kuma Aishat ka daina kiranta ta yi alƙalanci tsakaninka da ubanta, saƙo ɗaya ya isa, cewa ka gane kuma kana zuwa. Bayan ƙura ta lafa, wata rana ka gayyaci dattawan shagonka su sha shayi, su ga farantan a rufi da wayar da ta sauko, ido zai yi maka bayanin da bakinka ya ɓata.

In kun shiga wurin Alhaji, ka cire takalmi, ka tsuguna, ka faɗi laifinka a gajarce ba tare da “amma” ba, ka ja bakinka ka rufe. Zai yi magana mai tsawo. A ciki zai faɗi wani abu game da lantarki wanda ba daidai ba ne, harshenka zai yi ƙaiƙayi. Ka bar shi ya kai ƙarshe, ka ce na gode Baba. In ka iya wannan, ka isa aure.

Allah ya sanyaya zukata, ya sa a sa ranar cikin alheri, ya ba ku zaman lafiya kai da Aishat.

Gwaggo Farida